Ranar da Tauraron Ɗan Adam Ya Kai Mu Fadama

Shekarar da ofishinmu na awon ƙasa a Gusau ya samu 'yar kwamfutar hannu mai nuna hanya ta tauraron ɗan adam, ni aka damƙa wa. Kwana uku ina saita ta. Na gwada ta a titin Tsafe, ta kai ni ta dawo da ni, duk da ko jaki ba ya ɓata a titin nan.

Ran Asabar na ɗauki surukina a mota zuwa wani ƙauye bayan Rawayya, inda zai yi waliccin ɗiyar ƙanensa. Muna wuce Bungudu kibiyar na'urar ta nuna dama.

"Malam, hanyar ga ba ta ɓullewa da damina," in ji shi.

"Baba, daga sama ake hango ta," na ce, har da murmushi.

Ashe kibiyar miƙe take nunawa, kamar tafiyar tsuntsu, ba ruwanta da laka. Motar ta nutse a fadama har ƙofa, sai da shanun huɗa suka jawo mu. Muka isa bayan la'asar, an raba goro, wani ya ba da auren a madadinsa. Baba ya zauna yana kankare laka daga babbar rigarsa. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Har yau in na miƙe zan tafi masallacin ƙofar gida, sai uwargida ta ce, "Ka dai tambayi sama tukuna?"