Ƙanƙara a Kan Gajeren Wando

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tantance Tarihi,
Ƙungiyar Janar-Janar na Ranar Asabar,
Saman Shagon Taliya, Rosario.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mutumin da ya ci hamadar Masar da yaƙi sau goma sha ɗaya bai tashi daga kujera ba, ina roƙon ka ɗan sauke madubin ƙara girma ka karanta wannan da ido kawai. Na manna ta a ƙofar zaure ne domin wasiƙu biyun da na aiko a rufe ba su sami amsa ba.

Ni ne Nazareno Pellizzari, wanda ya yi shekara talatin da huɗu yana gyaran rubutu a gidan jarida kafin ya yi ritaya. Shekara goma sha bakwai ke nan nake riƙe da rundunar Italiya a teburin wasan yaƙi na ƙungiyarmu. Ban samu muƙamin don ƙwarewa ba. Babu mai so ne.

Ga abin da ya faru, domin waɗanda suka ji shi a bakin wasu. Saboda babban wasan shekara na Asabar mai zuwa, na yi wata goma sha huɗu ina yi wa sojojin dalma ɗari da ashirin fenti. Kowanne bai kai gaɓar ƙaramin yatsa ba. Kaki, gajeren wando, hular rana, har gashin zakaran da ke jikin hular sai da na ba shi baƙi kala biyu. Ranar Lahadin da na gama, na fita tsakar gida na fesa musu man da ke kare fenti. A jikin gwangwanin an rubuta kada a fesa idan akwai danshi a iska. Na karanta. Amma wanda ke zaune a bakin kogin Paraná, in ya ce zai jira ranar da babu danshi, jikokinsa ne za su fesa. Cikin minti goma man ya bushe fari fat. Sojojin hamada ɗari da ashirin suka tsaya a kan tsohuwar jarida kamar an ciro su daga firiza. Laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Kwamitinka ya zauna awa uku, ya hana su hawa tebur. A kan wannan hukunci nake da 'yan ƙorafe-ƙorafe, cikin ladabi.

Na farko. Takardar hukuncin ta ce ba za su yi yaƙi a hamada ba, domin ba a ƙanƙara a hamada. Na yarda. Sai na nemi a ajiye su zuwa wasan filin Rasha na baɗi. Takarda ta biyu ta ce ba za su je Rasha ba, domin ba a sa gajeren wando a Rasha. Wannan ma na yarda. To ina za su, ranka ya daɗe? Na karanta littafi tara a kan wannan runduna, kuma ina taya kwamiti murna: manyan hafsoshin zamanin yaƙin duniya na biyu sai da suka yi shekara uku kafin su bar sojan Italiya ba shi da wurin tsayawa. Ku kun yi shi da takarda biyu.

Na biyu. Na ga matakin da kuka ɗauka na cike gurbin: za a jera sojojin Jamus da suka yi saura a akwati, a liƙa wa kowane rukuni 'yar takarda mai rubutun "Italiya". Ashe fenti na iya yi wa tarihi ƙarya, amma takarda da gam ba sa yi? Ina tambaya ne don in ƙaru. Da na san haka tun bara, da na huta da ciwon wuya, na sayi biro.

Na uku. Wanda kuka ɗora wa binciken, Dokta Wenceslao Irigoitía, likitan haƙori ne, kuma da madubin aikinsa ya zo. Ya ɗaga sojana guda, ya leƙa ƙarƙashin hularsa, ya ce, "Kai Nazareno, waɗannan garin burodi aka barbaɗa musu ko tsufa ne ya kama su? Haɗa su da kifi ka soya, mutumina." Zaure ya yi dariya, ni ma na yi, don maganar ta yi daɗi. Sai dai ina tuna wa kwamiti cewa a wasan bara ƙoƙon da Dokta ke shan mate, shayin ganyen nan da ake zuƙa da bututu, shi ne ya zama tudun da aka girke manyan bindigogi a kai, bututun shan yana tsaye a tsakiya, kuma sau biyu aka dakatar da farmaki don ya ƙara ruwan zafi a cikin tudun. A wane littafi aka tantance wannan tudu? Ina son in saya.

Na huɗu. Dokar wasanmu, sashe na goma sha biyu, ta ce idan aka harbi sojan Jamus sai ƙwayar ludo ta nuna ɗaya kafin ya gudu. Sojan Italiya kuwa ɗaya, biyu ko uku. Shekara goma sha bakwai ina jefa ƙwayar nan. Shekara goma sha bakwai ina kwashe mutanena daga tebur kafin a kawo biskit, ana tafa min kafaɗa ana cewa, "To Janar, yau ma an tashi aiki da wuri?" Rabin masu faɗar haka sunan kakanninsu na Italiya ne, da wasali yake ƙarewa kamar nawa. Ban taɓa rubuta ƙorafi ba. Tambayata kawai: tunda dai doka ta tabbatar ba za su wuce rabin awa a fili ba, wace ɓarna launinsu zai yi wa tarihi a cikin rabin awa?

Na biyar shi ne dalilin wasiƙar, sauran share fage ne. A ƙasan takardar hukunci, da hannunka mai albarka, ka rubuta cewa idan na goge su da man zaitun farin zai tafi, kwamiti kuma zai sake dubawa. Na san dabarar, tana aiki. Na kuma lura da hikimar ba wa ɗan Italiya shawarar man zaitun, abin da aka san mu da shi a girki. Ranar Talata na jera su a teburin kicin, na ɗauko kwalba da auduga.

Mahaifiyata Ermelinda tana zaune tare da mu. Shekararta casa'in da ɗaya, idonta garau, kunnenta ya tafi. Ba ta taɓa kallon sojojina ba; "kayan wasan tsoho" take ce musu. Tana da shekara takwas aka ɗauki mahaifinta daga ƙauyensu a Italiya, cikin zafin watan Yuli na 1942, aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa Rasha. Wasiƙa ɗaya ta iso daga gare shi. Safa ya roƙa. An saƙa, an aika, ba a san wanda ya sa ta ba. Babu kabari, babu takarda. Hoton da ya rage na ranar tafiya ne, yana sanye da 'yar riga, ya naɗe hannun rigar yana dariya.

Mama ta tsaya a gaban teburin kicin, ta daɗe tana kallon sojojin. Sai ta ce, "Wa ya gaya maka?"

Na ɗaga murya na ce, "Gaya min me, Mama? Kuskure ne, danshi ne ya ɓata su."

Ta ce, "Haka nake ganin babana. Da kayan zafi, ƙanƙara ta rufe shi. Shekara tamanin kowa na nuna min hoton dariya." Ta sa yatsa biyu ta zaɓi ɗaya, wanda ba ya riƙe da bindiga, mai ɗauke da akwatin harsashi. Ta jefa shi a aljihun rigarta. Sannan ta ɗauke kwalbar daga hannuna ta ce, "Man nan na salak ne, sakarai. Ka taɓa su ka gani."

Na sani sarai ba a sa gajeren wando a Rasha ba. Aikina ne sanin irin wannan. Amma tsakanin gajeren wando da abin da aka ba kakana ya shiga hunturu da shi, bambancin bai wuce taƙi biyu na yadi ba. Ni mai gyara ne, na yi rayuwata ina cire kuskure daga shafi. Wannan ne na farko da na duba na rasa abin gyarawa.

Saboda haka ba zan goge su ba. Yanzu su ɗari da goma sha tara ne, wanda na san ya saɓa wa sashe na huɗu na dokar wasa da ya ce sai ɗari da ashirin cif, kuma ba ni da ƙarfin halin zuwa neman cikon. Roƙona guda: a bar su su hau tebur ranar Asabar, a kowace kusurwa, ko bayan tudun Dokta ne. Za su gudu da wuri kamar kullum, ba za su ɓata wa kowa lokaci ba.

Idan kwamiti ya tsaya a kan hukuncinsa, hakkinsa ne, ba zan ja ba. Ina dai sanar da kai cewa Mama ta ce za ta zo kallo, karo na farko a shekara goma sha bakwai. Matakalar zaure ashirin da biyu ce, ta ce za ta hau. Ina roƙon a ajiye mata kujera a gaba. Duk wanda kwamiti ya wakilta ya bayyana mata cewa launin mahaifinta bai dace da tarihi ba, ya tsaya ta ɓangaren hagunta, ya kuma buɗe murya sosai yadda duk zaure zai ji. Takan sa a maimaita sau uku.

Naka mai biyayya, a sahun baya kamar kullum,

Nazareno Pellizzari,
Kwamandan sojoji ɗari da goma sha tara, da ɗaya a aljihu.