Yadda Za Ka Sayi Abincin Shanu a Birni Ba Tare da Mista Ozell Ya Sani Ba

Ni ba mai yawan alkawari ba ne, amma wannan zan yi maka shi da babbar murya. In ka bi matakan nan bakwai yadda na jera su, za ka riƙa sayen abincin shanunka da takinka a ƙaton kantin nan na bakin babbar hanya, kana samun rangwamen dala huɗu a kowane buhu, kuma Mista Ozell Tarpley ba zai taɓa sani ba. Shekara uku na yi a kan wannan aiki. Mutum goma sha ɗaya na koya wa a garinmu Pinder, nan kudancin jihar Jojiya, kuma ko ɗaya asirinsa bai tonu ba.

Mista Ozell shi ne mai kantin kayan gona ɗaya tak da muke da shi, shekara arba'in da shida ke nan. Shi ya sayar wa babana irin gyaɗa tun ban iya tafiya ba, kuma da baban ya rasu yana cikin mutum shidan da suka ɗauki akwatin gawarsa. In kana ganin garinku babu irinsa, sake dubawa. Yana nan, suna ne kawai ya bambanta.

1. Fara da gyara wa abin suna

Kada ka kuskura ka kira shi cin amana, ko da a zuci. Sunansa tattali. Ka riƙa maimaitawa kana aski har bakinka ya saba.

Matsalar farko a cikin gidanka take. Tawa sunanta Nadine. Ranar da na fara kawo maganar tana yanka kuɓewa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Coy, mutumin nan fa shi ya zauna da kai a asibiti kwana uku."

"Na sani."

"To?"

"Shanu ba su sani ba," na ce.

Riƙe wannan amsa, ta yi min aiki sosai. Ba ta gamsar da Nadine ba, amma ta sa ta daina yi min magana har bayan cin abinci, wanda kusan duk ɗaya ne.

2. Bar titin gari, bi ta bayan coci

A ƙofar kantin Mista Ozell akwai dogon benci da ke fuskantar titi. Tun ƙarfe shida na safe magidanta ke cika shi, da gahawa a hannu da dafaffiyar gyaɗa a takarda. Mutanen nan ba sa buƙatar ganin motarka. Da ƙarar inji suke gane a-kori-kurar kowa, har su faɗa maka ranar da ka canja mai.

Saboda haka ka bi jar hanyar da ta zaga ta bayan coci, ta wuce tsohon injin gurzar auduga. Za ta ƙara maka mil goma sha huɗu. Kada ka yi lissafin fetur, masu lissafin fetur ba sa nisa a wannan fanni.

A dawowa ka rufe bayan mota da tamfal. In kun yi kiciɓis da wani a hanyar, shi ma da tamfal, ka ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari kamar yadda aka saba gaisawa, idonka a gaba. Kada ka kalli kayansa. Shi ma ba naka yake kallo ba. In kuwa a cikin kantin birnin ne kuka haɗu, ku duka ƙwan fitila kuka zo saye. Ni da wani dattijon cocinmu mun taɓa tsayawa minti ashirin muna zancen ƙwan fitila, kowa da kurar kayansa shaƙe da buhuna a bayansa.

3. Sauya wa hatsin riga

Buhun birni ja ne, ana hango shi daga wata gona. Na Mista Ozell fari ne da hoton koren zakara. Da isarka gida, ka shige sito, ka ja ƙofa, ka juye jan cikin tsofaffin fararen da ka ajiye. Aikin mutum biyu ne, amma kada ka sa rai matarka za ta riƙe maka bakin buhu. Buga ƙusa biyu a bango ka rataye shi.

Jajayen buhunan ka ƙone su, ranar da babu iska. Kada ka zuba su a shara. Mai kwasar shara yana da wurin zama a bencin nan, na uku daga hagu.

4. Kada ka yi fashin kanti ko na safiya ɗaya

A nan ne masu garaje ke faɗuwa. Kunya ta kama su, su daina zuwa, kafin mako ya zagayo gari ya gane. Kai ka je kullum. Ka zauna a benci, ka sha gahawarsa, ka zagi farashin gyaɗa tare da kowa, sannan ka shiga ka sayi wani ɗan abu: ƙusa, maganin ɓera, dunƙulen gishirin lasa. A yanzu haka ina da gishirin lasa goma sha tara a sito. Shanuna ko da harshe biyu-biyu aka halicce su ba za su cinye shi ba.

Wata rana dole zai tambaya. Ni tawa ta zo ne yana ƙulle min ƙusoshi a takarda.

"Coy, ɗana, shanun nan naka azumi suke yi ne? Rabonka da ɗaukar buhu tun kafin Kirsimeti."

Kada ka ce ciyawa ce ta yi kyau. Wannan ce ta fara zuwa min baki, a shekarar da muka yi wata uku babu ɗigon ruwa. Allah ya taimake ni na haɗiye ta.

"Ai na rage su, Mista Ozell. Goma sha huɗun nan sun fi ƙarfina. Tara suka rage."

Ya tsaya ya dube ni ta saman tabarau. "Ayya. Ka yi haƙuri, ɗana. Babanka ma ya ga irin wannan shekara, ya kuma tashi."

Da na fito, sai na tarar da farin buhu ɗaya a bayan motata, wanda ban saya ba. In haka ta same ka, ka karɓa. Ƙin karɓa yana jawo tambaya. Za ka ji wani abu ya tsaya maka a ƙirji har zuwa azahar, wannan gahawar ce, ta cika ƙarfi.

5. Tuna adadin da ka faɗa, domin mai inshora na tafe

Mai inshorar garinmu Dub Crumley ne, kuma 'yar Mista Ozell yake aure. Duk farkon bazara yakan zagaya gonaki, ya ɗauki hoton sito, ya ƙirga dabbobi, ya sabunta takarda. Ranar Lahadi kuma a teburin surukinsa yake cin abinci.

To ka ga inda aka kwana. Ka gaya wa suruki tara, ga goma sha huɗu suna kiwo a fili.

Da sassafe na kora biyar zuwa fadamar bayan gona. Dub ya iso da hularsa da takardunsa, ya jingina da shinge.

"Ɗaya, biyu... tara. Haka Baba ya ce. Kai, Coy, abin bai yi daɗi ba. In rage maka su a takarda ke nan?"

"Rage."

"Amma tara ɗin nan sun yi ɓul-ɓul. Me kake ba su?"

"Addu'a," na ce.

Ya rubuta tara, na sa hannu. A watan Yuni tsawa ta faɗa wa itacen da ke bakin fadama ta kashe min biyu. Na kira Dub. Ya zo ya ƙirga masu rai, ya sami goma sha biyu, ya dubi takarda, ya dubi sama, ya ce shi a iya saninsa ban yi asarar komai ba, riba ma na ci ta uku. Daga baya na lura akwai tamfal a naɗe a bayan motarsa, ga shi kuwa dawaki biyu gare shi.

Kada ka sa shanun nan biyu cikin lissafin abin da ka rage. Fanninsu daban.

6. Lokacin haraji, ka shiga da ƙafar dama

Manomi ba ya samun sassaucin haraji sai da rasit. Duk shekara kowa a Pinder yakan tara nasa a kwalin takalmi, watan Maris ya kai wa Mis Verlene, ta cika masa takardu a kan teburin cin abincinta. Mis Verlene yayar Mista Ozell ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Hanyoyi uku ne a gabanka. Ka zubar da rasit ɗin birni, gwamnati ta cinye fiye da abin da ka rage. Ko ka kai wa wani baƙo a birni, kafin Lahadi gari ya yanke hukunci cewa ko gona za ka sayar ko mata za ka saki. Ko kuma ka ɗauki kwalinka ka tafi inda ubanka ya saba zuwa. Ni ta ukun na bi.

Ta zuba min shayi mai ƙanƙara, ta juye kwalin, ta fara warewa. Rasit ɗin ƙaninta ƙanana ne, da rubutun hannu. Na birni dogaye ne, inji ya buga. Ta yi tsibi biyu. Ɗaya ya yi tsawo, ɗayan ƙusa ne da gishiri.

"In ƙara maka shayi, Coy?"

"A'a, Mis Verlene, na gode."

"Kai ne na tara da ya kawo min dogayen rasit a watan nan."

Na zuba wa ƙanƙarar da ke cikin kofi ido.

"Daina zufa, ba zan faɗa masa ba. Shekara talatin maganar teburin nan ba ta taɓa fita ƙofa ba, ba a kanka zan fara ba." Ta jiƙa yatsa ta juya takarda. "Shi yana cewa fari ne. Yana cewa mutane na cikin wani hali. Ranar Laraba a coci sunayenku ya jera ɗaya bayan ɗaya, ya ce a sa ku a addu'a. Naka ne na farko."

Na ji kunya, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake. Amma ka lura da abin da ya fi muhimmanci: ta ce ba za ta faɗa ba, kuma ba ta faɗa ba. Ka biya ta, ka yaba shayin, ka fita ba tare da ka yi tuntuɓe da kyanwarta ba.

7. In ya kira ka ranar Asabar, ka je da tsani

In ka bi matakan nan da kyau, kai da sauran, wata Asabar za ta zo da zai buga maka waya ya ce ka zo masa da dogon tsaninka. Za ka tarar da kantocin ciki wayam, an share ƙasa, babu kowa a benci.

"Na duba garin nan kaf," ya ce da ni, "na ce wa zan kira? Na ce Coy. Coy bai taɓa fashin safiya ɗaya ba."

Allon sunan kantin yake so a sauke. Na ce bari in hau. Ya ce a'a, shi ya ɗora shi, shi zai sauke. Shekararsa saba'in da huɗu. Aikinka a nan shi ne ka riƙe tsani da hannu biyu, ka sa ƙafa a matakin ƙasa. Noti huɗu ne, duk sun yi tsatsa, za a ɗauki lokaci. A wajen na biyu magana za ta taso maka har maƙogwaro. Ka haɗiye ta. Ba a tonon asiri ga tsohon da ke saman tsani.

Da muka jingina allon da bango, ya zauna a bakin dakali yana mayar da numfashi.

"Ba laifin kowa ba ne," ya ce. "Shekarun ne suka zo da wuya. Abin da ke damuna ku ne. Yanzu ina za ka riƙa samun abincin shanun?"

"Zan san yadda zan yi, Mista Ozell."

"Akwai wani ƙaton kanti a bakin babbar hanya. Ni ban taɓa shiga ba, amma an ce ba laifi." Ya laluba aljihu ya ciro fensir da bayan ambulan. "Matso ka gani. Ka miƙe mil talatin, bayan gada ka yi dama. Kada ka ɗauki buhu da kanka, ka ce su ɗora maka, na san bayanka. In sun yi maka wulaƙanci ka gaya min."

Ya zana gadar, ya zana kibiya. Zanen daidai yake, har da gidan man da ke kan kwana.

Ka karɓi takardar. Ka dube ta kamar mai karatu. Ka ce, "Na gode, Mista Ozell, zan nema." Ka ninke ta ka sa a aljihun gaba, ka ɗora tsaninka a mota. In ka ga dole sai ka tsaya a gefen hanya kafin ka isa gida, ka bari sai ka wuce coci.

Sanarwa

Mai wannan rubutu manomi ne, ba lauya ba, ba fasto ba, kuma ya wanke hannunsa daga duk abin da zai biyo baya. Wanda ya bi shawarar nan ya bi ta ne da ƙafarsa da motarsa. Ba a mayar da kaya, ba a karɓar koke, kuma kada kowa ya tare ni a ƙofar coci da wannan magana.

Musamman ba ni da hannu a wayar da za ta riƙa yi maka ƙara duk Lahadi da la'asar. Ba ni da matakin da zan ba ka a kanta, na nema ban samu ba. Ka ɗauka kawai. Shi ne, Mista Ozell, yana zaune a gida ba abin yi, yana so ya ji ko ka gane hanyar.