Alhaji Hamani a Bayan Raga

Duk unguwar Sabangali babu mai haɗa bidiyo kamar Abdulmutallib. Shi da kansa ya shaida haka. Ya yi kwas ɗin montaj, wato haɗa bidiyo, a Kusuri, garin da ke bayan iyakar ƙasa, ƙetaren gadar Ngueli kawai, amma tun daga ranar zancensa ba ya wuce "lokacin da nake ƙasar waje". Maƙwabta suka laƙaba masa Direkta, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Babban iliminsa raga ce: layi biyu a tsaye, biyu a kwance, da ake shimfiɗawa kan hoto a ordinatar, wato kwamfuta, don auna mazaunin komai, sannan a cire.

"Jahili ke sa mutum a tsakiyar hoto," in ji shi. "Daraja tana inda layi ya gamu da layi."

Sai Sakinatu ta kawo masa bidiyon walimar mahaifinta, Alhaji Hamani, da ya dawo daga Makka. Kakarta tana Damagaram, kuma ta rantse hankalinta ba zai kwanta ba sai ta ga ɗanta da idonta.

Direkta ya gyara zama. Siraran layukan da ke cikin na'urar ba su dace da girmansa ba, don haka ya zana nasa, baƙaƙe masu kauri, ya ɗora kan hoton, yadda mai wucewa ta bakin shago zai san ana aiki.

"Malam, in duba kafin a tura?" in ji Sakinatu.

"Ƙanwata, aikin tela ake gwadawa, ba na direkta ba."

Ya tura da hannunsa, raga da komai.

A Damagaram aka ga Alhaji cikin fararen kaya, a takure a gefe, ya ɗaga hannu yana addu'a a bayan baƙaƙen ƙarafuna. Tsohuwa ta saki salati. Kafin la'asar an tara malamai ana roƙon Allah Ya sa Saudiyya ta sako shi. Alhaji ya buga waya: "Inna, wallahi ina gida!"

"Haka suke sa ku faɗa," in ji ta, tana kuka.

Direkta ya bayyana wa Sakinatu cewa mutanen Damagaram ba su waye da sinima ba. Duk da haka aikinsa bai rasa mai yabo ba. Wani ɗan'uwan Alhaji, mai walda, ya aiko yana tambayar wanda ya ƙera tagar gidan yarin, don bai taɓa ganin ƙarafuna sun miƙe haka ba.