Babban Baƙon Karatun Naliaka

Allah ya yi wa ƙauyenmu na Misikhu baiwa biyu: rake da Injiniya Situma Makokha. Rake akan sare shi ya ƙare, Injiniya kuwa ba ya ƙarewa. Mutum ne da in ya tsaya gaban mataccen injin niƙa, ya kama ƙugu, ya yi gyaran murya, sai tausayin injin ya kama ka. Bai taɓa gyara ko ɗaya ba, amma babu injin da ya mutu a yankin nan bai sha faɗansa ba.

Mahassada suna cewa shekarun da ya yi a kamfanin sukari, gadin ɗakin ajiyar noti da ƙusoshi ya yi. Mu ba ma sauraron mahassada. Mu da kanmu muka naɗa shi injiniya a shagon shayin Nanjala, ranar da ya saya wa kowa shayi da mandazi, irin fankenmu na nan. Da ya ƙara mana da ƙwai, da yanzu farfesa ne. Farar hular kwanonsa tana nan a bayan mota inda kowa zai hango ta, fes da ita kamar ba a taɓa sa ta ba, don kuwa ba a taɓa sa ta ba.

Ana nan sai Naliaka, 'yar marigayi ƙaninsa, ta ci jarrabawa, jami'o'i biyu suka ba ta gurbin karatun injiniyan injina. Ɗaya ta 'yan kasuwa ce a Nairobi, gini mai gilashi tun daga ƙasa har sama, kuɗin shekararta ya isa sadakin mata biyu. Ɗayar ta gwamnati ce, can bayan gonakin rake, wadda maraƙi guda da rancen ɗalibai za su riƙe. Uwarta Namalwa wake take aunawa a kasuwa. Ta san in aka zaɓi abin da ya fi ƙarfinta, ko dai gonar marigayi ta tafi, ko yarinya ta dawo gida da rabin karatu, wanda ba ya ƙera ko cokali. Amma uba ya mutu, wan uba shi ne uba, dole a ji ta bakinsa.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, dangi suka taru a gindin mangwaro. Aka yanka kaza, aka tuƙa ugali, tuwonmu na masara, aka miƙa wa Injiniya ƙundu, rabon babban gida. Ya tauna a hankali yadda kowa zai shaida, sannan ya miƙe.

"'Yan'uwana, na auna jami'o'in nan biyu a ma'aunin ilimi. Araha ba ta ado. Digiri kamar noti ne, na araha tun a juyin farko yake cinyewa. Jinin Makokha ba zai yi karatu inda akuya ke leƙa aji ba. Nairobi za ta."

Naliaka ta ɗan ɗaga hannu. "Baba, na je na duba ta kusan nan. Injinansu tsofaffi ne, amma ɗalibai ke kwance su da hannunsu su mayar. Kuma takardar da ake bayarwa iri ɗaya ce."

"'Yata, kin ga lifta mai kai mutum saman bene a can?"

"A'a, Baba."

"To wanda bai hau lifta ba, ta yaya zai ƙera lifta?"

Muka tafa har tsuntsaye suka watse. Ba lifta ce ta dame mu ba. Kowannenmu ya riga ya hango kansa cikin motar haya ranar bikin kammalawa, ya nufi Nairobi kyauta, yana cin gasasshiyar masara ta taga.

Namalwa ba ta yi musu ba. In mutum ya ce zai haɗiye gatari, riƙe masa ƙota ake yi. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, ka yi magana ta masu ilimi. Sai dai a kira harambe, dangi su haɗa kuɗin. Kuma wa ya isa ya zama babban baƙo kana raye?"

Injiniya ya ji kamar an zuba masa zuma a kunne. Kujera mai hannu. Lasifika. Sunansa da manyan baƙaƙe a katin gayyata. Yana cikin lissafin irin kwat ɗin da zai ɗinka, sai tsoho Barasa, shugaban dangi, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Madalla da ɗan Makokha. Al'adarmu dai ka san ta. Duk abin da taro ya tara, babban baƙo ya ajiye kwatankwacinsa. Kuma tunda karatun ba na shekara ɗaya ba ne, kowace shekara za mu dawo, kai ma ka dawo."

Ya san al'adar sarai. Shi ne ma mai tuna wa mutane ita da babbar murya, a lokutan da wuƙar ke kan wuyan wani. Ya yi murmushin yaƙe. Dukiyarsa kaf a duniya tsohuwar mota ce da Malkiya, saniyar madara mai baƙi da fari wadda yake wanke wa jiki da sabulu.

A makon nan Misikhu ta ga karamcin da ba ta taɓa gani ba. Mu da ake bi gida-gida kafin mu ba da shilin hamsin na jana'iza, sai ga mu muna rige-rigen alkawari. Wekesa mai babur ya yi alkawarin bijimi. Nanjala ta ce cinikin wata guda. Kada a ce son ilimi ne. Fuskar Injiniya muke son gani, kuma mun ga ta cancanci bijimi. Duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya ce, "Injiniya, na ƙara a kan nawa, saboda kai." Shi kuwa ya ce, "Allah ya saka," da muryar mai ciwon haƙori.

Ranar Alhamis aka ga motarsa ta bi hanyar bayan rake. Ya ce bincike zai je.

Lahadi ta zagayo, ya sake miƙewa a gindin mangwaro, ya ɗan rame.

"'Yan'uwana, mai ilimi ba ya kunyar ƙarin ilimi. Na je na gani da idona. Injiniyan gaske da baƙin mai a farce ake gane shi. Gilashi na shagon aski ne. Kuma lifta, ku gaya mini, ina amfanin lifta ga yarinya mai ƙafa biyu? Waccan tsadar kuɗin fenti ce kawai. Ni, Situma Makokha, na yanke: nan kusa za ta yi."

Tafin da muka yi ya fi na farko. Wekesa ya fi kowa, don bijimin da ya yi alkawari na surukinsa ne, kuma surukin bai sani ba.

Namalwa ta sake durƙusawa. "Yaya, Allah ya ƙara basira. Ashe ma ba sai an yi harambe ba. Maraƙina da rancen gwamnati sun isa."

Injiniya ya tuna da ɗinkinsa. Kwat yana wurin tela, an riga an yanka.

"To, taron fa? Babban baƙon fa?"

"Ai kai uba ne, Yaya, ka wuce baƙo. Ranar da za ta tafi ka zo da mota. Akwai katifa, da bokiti, da buhun wake."

Haka Naliaka ta tafi jami'ar da take so tun farko, gonar ubanta na nan, babban baƙo yana gaba yana tuƙi, buhun wake na kujerar mai zaman banza. Jawabin da ya shirya wa harambe kuwa bai tafi a banza ba. Maƙwabta sun ji shi da yamma a garke, sanye da sabon kwat, yana zuba shi tun daga gaisuwa har addu'a. Malkiya ta saurara tana tuƙa, ba ta katse shi ko sau ɗaya ba. Duk Misikhu ita kaɗai ce take da dalilin gode masa, tunda ba a kai ta kasuwa ba.