Na Wanke Wa Baba Tsatsarsa

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ranar da na durƙusa gaban surukina ina murmushi, ina jiran a sa min albarka, alhali na gama yi masa ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Baba Injiniya ake ce masa a unguwarmu a nan Kazaure. Tsohon ma'aikacin ruwa ne. Yana saurayi aka tura shi Japan koyon injin ban-ruwa, ya dawo da iliminsa, ya kuma dawo da wata ƙauna da ta ƙi sakinsa: wasu ƙarafa zagayayyu, faɗin tafin hannu, da rami a tsakiya. Wai su ake sa wa tsakanin ƙotar takobi da kaifinsa don su kare hannu. Tsuba ake ce musu. (Na yi wata uku a gidan ina zaton "tsaba" yake cewa, ina ta mamakin me ya haɗa hatsi da ƙarfe.)

Guda tara gare shi, yawanci wajen 'yan gwangwan da masu sauke kayan gwanjo a Kano ya tsinto su. Tun rasuwar matarsa Hajiya ni ke share masa ɗaki, don haka na sha ganinsa da su. Ya ɗora ɗaya a hannu ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa da farce ya kai kunne, ya bi gefen da babban yatsa. In ya ji layi sai ya ce wa mijina, "Ka ji ko? Wannan zubi ne, jabu. Na ainihi ƙira ne." Takwas suna cikin akwati. Na taran kuwa, wanda wani tsohon malaminsa ya ba shi a can, kullum yana kan tebur bisa farin ƙyalle. Baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Kusa da ramin akwai wasu 'yan zane-zane da tsatsa ta cinye, wai sunan maƙerin ne. Tun kafin a haifi mijina Baba yake son sanin sunan nan. Hoton waya ba ya fito da shi, ga idonsa kuma yana ta dushewa a hankali.

To, a lokacin ina jegon 'yata ta fari, mai sunan marigayiya Hajiya, muna ce mata Ummi. Yarinyar nan ba ta da aiki sai firgita da tsala ihu. Ni kuma Allah ya yi ni da tsoro. Ko atishawa ta yi sai gabana ya faɗi. Gwaggona da ta zo daga Gwiwa tana yi min wankan jego ta ce, "Ke dai sakarya ce. Jaririya ba ƙarfe a kanta? Sa mata wuƙa ƙarƙashin matashi!"

"Gwaggo, in ta yanke ta fa?"

"Mu da aka sa wa, kin gan mu ba kunne?"

Na kasa sa wuƙar. Ranar Baba ya tafi ta'aziyya Roni, zai kwana biyu. Ina shara idona ya faɗa kan ƙarfen nan. Ƙarfe ne, ba kaifi, ba tsini, kuma ɗan gidan takobi. Na ce ai ko aljani ya san takobi. Na ɗauka da niyyar aro.

Amma ina zan kai wannan baƙin abu kusa da kan 'yata? Ni da ko ludayi ba na bari ya kwana da dauɗa? A nan ne wata dabara ta zo min, irin dabarar da in ta zo wa mutum gara ya kwanta ya yi barci. Na ce ai Baba tsatsa ce ta hana shi ganin rubutun. Maza ba su iya wanki ba, shi ya sa.

Na zauna bakin rariya. Na fara da toka. Na matsa lemon tsami na bar shi ya jiƙu. Na bi da soson ƙarfe. Wajen rubutun tsatsar ta yi taurin kai, sai na ɗauko dutsen goge kaushi na durje shi sosai. (Har waƙa nake yi, Allah ya yafe min.) Kafin la'asar abu ya fito fes, yana ƙyalli kamar sabon murfin kwano. Gwaggo ta ce, "Yauwa, yanzu na san na yi 'ya."

Ban mayar ba da Baba ya dawo cikin dare, don Ummi ba ta daina firgita ba, na ce a ƙara kwana ɗaya. Ban kuma faɗa masa ba. Wace suruka ce za ta tsaya tana zuba wa surukinta zance? Abin da ban sani ba, washegari ne wani Dakta, malamin jami'a daga Kano wanda ya iya karatun mutanen can, zai zo musamman don ya karanta sunan. Wata biyar Baba yana bibiyarsa, har hoton ƙarfen ya tura masa.

Bayan azahar, da isowar Dakta, ina madafi na ji gida ya rikice. Baba yana lalube kan tebur yana cewa, "Nan na bar shi, wallahi nan na bar shi." Mijina har ya shiga ƙarƙashin gado. Ni kuwa daɗi ya kama ni. Na zaro abin daga matashin Ummi, na ɗora a kan faranti, na yafa mayafi, na yi sallama na durƙusa.

"Baba, ga shi. Na wanke maka ne."

Dakta ya miƙa hannu ya ɗauka. Ya juya shi, ya sake juyawa. "Alhaji, ai ba wannan ne na cikin hoton ba."

Baba ya karɓa. Bai kai shi ido ba, yatsa kawai ya bi da shi. Sai na ga yatsan ya tsaya.

"Baiwar Allah," in ji Dakta, "da me kika wanke?"

Ni kuma, don a san ban yi ha'inci ba, na lissafo masa tiryan-tiryan kamar mai koyar da girki: toka, lemon tsami, soso, dutsen kaushi. Ina kaiwa kan dutsen ya ce, "Innalillahi!" Mijina ya dafe kai.

"Wannan baƙin da kika cire ba datti ba ne," in ji Dakta a hankali. "Shi ne shekarunsa. Da shi ake gane zamaninsa, shi ke kare ƙarfen. Masu abin ko da sabulu ba sa taɓa shi." Ya ciro wani ɗan gilashi ya duƙa, ya daɗe. "Harafi ɗaya ya tsira, na ƙarshe."

Baba ya gyara zama. "Me ya ce?"

"Ya ce, 'ya ƙera.'"

"Wa ya ƙera?"

Dakta ya ajiye gilashin. Ni na san inda sunan yake. Yana cikin rariyarmu.

Na so Baba ya zage ni. Wallahi da ya ɗaga sanda da na miƙa baya. Sai kawai ya tambayi dalilin ɗauka, na faɗa ina kuka, majina har baki, gaban baƙo. Ya ce, "To Ummin ta daina firgitar?"

"Ba ta daina ba, Baba."

Ya miƙo min. "Mayar mata. Mai sunan ma ba ta taɓa son su ba."

(Da muka je asibiti, ashe iska ce a cikin yarinyar. Ba irin iskar da Gwaggo ke nufi ba, wadda gyatsa ke fitarwa.)

Yanzu Ummi ta shekara biyu. Idon Baba ya kusa rufewa, akwatin ma ya daina buɗewa. Bai taɓa tayar da maganar ba. Sai dai duk ranar da na shiga da tsintsiya, yakan ce, "Ƙasa kawai, 'yata." Farin ƙyallen yana nan kan tebur, ba komai a kansa, ya yi ƙura. Kullum hannuna yana ƙaiƙayi in wanke shi, sai in tuna ba kowane baƙi ne ke jiran sosona ba, in sunkuyar da kai in ci gaba da sharata.