Sunan da Ya Faɗo Daga Shafi na Huɗu

Ba zan taɓa mantawa ba, wata Lahadi ce aka yi mini addu'ar mamata a masallacinmu na unguwar Tremont, ina zaune da raina ina riƙe da jakar mahaifiyata. Mutane suna ba da labarin don a yi dariya. Ni kuwa har yau bai taɓa ba ni dariya ba.

Lokacin ina shekara ta biyu a kwaleji a nan Bronx, cikin birnin New York, na ɗauki wani kwas na tsara jaridu da mujallu a kwamfuta. Na zaɓe shi ne don an ce babu tashi a yi bayani a gaban aji (ni da ko gaisuwa sai na maimaita ta a zuciya kafin ta fito). Ya kuwa dace da ni. Ki zauna shiru, ki ja akwati a kan farin shafi, ki zuba rubutu a ciki, ki matsar da hoto hagu kaɗan, ki dawo da shi inda yake. Sai in yi awa biyu a kan tazarar da ke tsakanin kanun labari da layin farko, ban gaji ba.

Malamar ajin tsohuwar 'yar jarida ce, kuma akwai abu ɗaya da take nanatawa. Idan rubutu ya fi ƙarfin akwatinsa, manhajar ba za ta yi miki ihu ba. Sai ta ɓoye ragowar, ta sa wata 'yar alama ja a kusurwar ƙasa, ƙarama kamar ƙwayar gero. Na rubuta wannan a littafina, na ja layi biyu a ƙarƙashinsa. Ina so mai karatu ya sani, layi biyu na ja.

Kawu Sani, ƙanin mahaifiyata, shi ne sakataren ƙungiyar masallaci. Duk shekara yana fitar da 'yar mujalla mai shafi huɗu ranar addu'ar shekara, shi yake buga ta da yatsa biyu, hotunan dattawa su fito a matse kamar an zauna a kansu. Da ya ji abin da nake koyo sai ya ajiye mini takardu a gabana ya ce, “Ke 'yar boko, ba wannan ake koya miki ba? To bana taki ce. Amma ki kula da shafi na huɗu.”

Shafi na huɗu shi ne na waɗanda suka rasu a cikin shekarar. Ba a jera su bisa girma ko shekaru, ana jera su ne yadda Allah ya ɗauke su, na farkon tafiya a sama. Daga wannan shafin liman yake karantawa, suna bayan suna, jama'a suna amsawa. Yawancinsu a can jihar New Jersey aka binne su, nesa da dangi, kuma ranar jana'iza mutane suna wurin aiki. Saboda haka wannan Lahadin ce kaɗai ranar da masallaci yake cika a ambaci mutum.

Sunaye goma sha ɗaya ne a shekarar. Na ƙarshe Malam Iliyasu, direban tasi mutumin Kumasi, mijin Anti Rabi ƙawar mahaifiyata.

Mako biyu na yi a kan aikin. Na buga gwaji a makaranta, na ƙirga sunayen da bakin biro, sha ɗaya cif. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labari.

Safiyar da za a kai wa masu bugawa, sai na tuna duk mujallun da muke dubawa a aji suna sa sunan wanda ya tsara su. Na ce wa kaina ni ba mai son a sani ba ce, amma ai ƙa'idar aiki ce. Na duba shafuka uku na farko, babu wuri. A shafi na huɗu kuwa, idan na ɗan ja ƙasan akwatin sunayen sama kaɗan, layi ɗaya zai samu. Na ja. Na rubuta “Tsarawa” da ƙaramin rubutu mai launin toka, don tawali'u, sannan sunana da baƙi mai kauri, don a iya karantawa. Na kusanto da allon a kan sunan nan, na gwada masa salon rubutu har uku. Kusurwar akwatin tana can gefe, a wajen abin da nake kallo. Na tura.

Ranar Lahadi muna ɓangaren mata, bayan labule, muna jin maza ta lasifika. Mujallar tana ta yawo hannu zuwa hannu. Wata Hajiya mai shago a Harlem ta ɗaga ta sama ta ce wa mahaifiyata, “Wallahi kamar ta Turawa! Wannan shiru-shirun naku ashe aiki take yi.” Na sunkuyar da kai kamar kunya ta kama ni. Daɗi ne ya kama ni.

Anti Rabi ta zauna a gefena. Wannan ce fitarta ta farko cikin jama'a bayan ta gama takaba. Aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu, sai da ta roƙi wata ta karɓi ranarta kafin ta samu zuwa. Ta manta tabaraunta a gida, sai ta riƙe mujallar a ninke ta tambaye ni a hankali, “Yana ciki ko, 'yata?”

Na ce, “Yana ciki, Anti. Shi ne na ƙarshe.”

Liman ya fara. Dattijo ne, idonsa ya yi rauni, kuma Kawu ya riga ya faɗa masa sha ɗaya ne. Yana karantawa muna cewa Allah ya jiƙansa, Allah ya jiƙanta. Ina jin numfashin Anti Rabi yana canzawa da kowane suna. Da aka zo na goma ta kama hannuna ta matse.

Liman ya kai takardar kusa da idonsa. Sunan Malam Iliyasu ba ya nan, akwatin da na matse ya ɓoye shi. Akwai sauran layi ɗaya a ƙasa, da baƙin rubutu mai kauri, wanda aka yi don a iya karantawa. Ya karanta shi. Sunana, da na mahaifina, a lasifika.

Ɓangaren maza suka amsa gaba ɗaya, “Allah ya jiƙanta.”

Mahaifiyata ta miƙe tsaye. “Subhanallahi! Wace? Ga ta nan zaune! Malam, ga ta nan!” Ta ɗaga hannuna sama kamar liman zai gani ta cikin labule. Wata ta fashe da dariya ta toshe baki da mayafi, ta kusa da ita ta kama, kafin ka ce me rabin sahu yana girgiza. Ta lasifika muna jin Kawu yana raɗa, raɗar da kowa ya ji: “Malam, wannan ba ta mutu ba, ita ta yi takardar. Iliyasu ne, Iliyasu direba.”

Liman ya gyara murya ya ambaci Malam Iliyasu. Amma a cikin hayaniya sunan ya fito. Wasu suna ta tambayar me ya faru, wasu ba su gama dariya ba, an riga an fara buɗe farantan shinkafa a baya. Addu'ar da aka yi mini ta ninka tasa ƙarfi. Na ji duka biyun da kunnena.

Anti Rabi ba ta saki hannuna da sauri ba, a hankali ta zare nata. Ta buɗe shafin ta kai shi kusa da fuskarta, tana bin layukan da yatsa. Na so ta zage ni.

Ta ce, “Ba komai, 'yata. Shi dama haka yake, ko hoto za a ɗauka baya yake tsayawa.” Sannan ta laluba jakarta ta fito da biro. “Rubuta min shi. Na yi wa mahaifiyarsa alkawarin zan aika mata.”

Na rubuta. Wuri ɗaya ya rage a shafin, ƙarƙashin sunana.

A cikin makon na gyara shafin, na cire kaina, aka sake bugawa. Na hau bas na kai mata har gida a unguwar Morrisania. Ta karɓa, ta gode, ta ba ni ruwa, ta tambayi karatu. Takarda ce kawai na iya sake bugawa. Masallacin kuwa sai wata shekarar zai sake cika, kuma a lokacin akwai sababbin sunaye.

Abin da na koya bai yi mini daɗi ba. Shekara da shekaru ina ɗauka cewa tunda ba na magana, ba ni da son yabo. Ashe ina da shi kamar kowa, baki ne kawai ba shi da shi, yana samun kwamfuta ya yi magana da baƙi mai kauri. Har yau ina tsara wa ƙungiyar mujallarta, ba na sa sunana ko'ina, kuma ba a buƙata. Duk tsohuwar da ta hango ni a bakin masallaci sai ta washe baki ta ce, “A'a, marigayiya, ya karatu?” Ni kuma in durƙusa in ce lafiya lau.