Ranar da Na Tura 520 Cikin Dangin Mijina

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da wunin bikin Safiya ba, ɗiyar ƙanwar mijina. Har yau in na bi ta layinsu a Kinkinau sai na ja mayafi na rufe rabin fuska.

Bari in fara gaya muku matsayina a dangin mijina. Ni ce wadda ake misali da ita wajen kunyar ɗan fari. Tun da na haifi babban yarona ban taɓa kiran sunansa ba (ko a nan ba zan rubuta ba, ku yi haƙuri). "Wancan" nake cewa, ko "yayan su Ummi". Ranar da zai tafi karatu ƙasar Sin, kowa na ƙofar gida ana sallama da shi, ni ina kicin ina yanka albasar da babu abin da zan dafa da ita. Surukata Hajiya ta sha faɗa a gaban matan gida, "Ku koyi kara a wajen Maman Ummi." Ni kuwa in sunkuyar da kai, a zuci ina jin kamar an ba ni kujerar Makka.

Da ya zauna a can, sai ya fara turo min lambobi a waya. Na ce masa yau dambun shinkafa muka yi, ya turo 555. Na ce wannan fa? Ya ce haka matasan can suke rubuta kuka a intanet, wai in an faɗi lambar da yarensu kamar sautin mai kuka take fita. 666 wai "kin burge", 88 kuma "sai an jima". Rannan sai ga 520. Na tambaya, ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya ce, "Umma, wai 'ina ƙaunarki' ne."

Na daɗe ina kallon wayar. Sai na yi wa kaina fatawa (Allah Ya yafe min): lamba ai ba magana ba ce, ba kuma suna ba ce. Daga ranar, kullum in na idar da sallar asuba da azkar, sai in danna masa 520 in kife wayar kamar na yi sata. Ko babansa bai sani ba.

To, ranar wunin. Ɗakin da aka sauki Hajiya cike yake da mata, ana ta rabon waina. Sai yaron nawa ya kira ta bidiyo don ya gaida dangi, waya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu. Da aka miƙo min na haɗe rai na ce, "Ana lafiya? To, a dage da sallah." Na mayar. Hajiya ta gyaɗa kai.

Amma fa na ga ya rame, wuya duk ya fito. Zuciyata ta kasa haƙuri. Na lalubo wayata a cikin mayafi, na danna lambobin nan uku ban duba ba. Sai na ji wayoyin ɗakin suna ƙara, ta nan ƙit, ta can ƙit. Ashe gurup ɗin dangi na tura, inda muka wuni muna zuba hotunan amarya.

Rabi uwar amarya, wadda ba ta taɓa raga min a wasa ba, ta ɗago kai. "Matar Yaya, mene ne 520? Lambar mota ce?"

"Hannuna ne ya taɓa," na ce. (Da alwalata, a gaban surukata, na shirga ƙarya.)

Da a nan abin ya tsaya da na tsira. Sai ga amsar ɗan albarka a gurup ɗin: "520 Ummana. Yau sau biyu ke nan, na asuba ma ya iso."

Wata ɗiyar Rabi 'yar jami'a ta bincika a wayarta, ta karanta da ƙarfi kamar mai sanarwa a rediyo: "Wai 'ina ƙaunarka' ne a wajen 'yan Sin!"

Ɗaki ya kaure da shewa, har da mai rangaɗa guɗa. Rabi ta tafa hannu. "Lallai! Mu ana ta yi mana gori ba mu da kara, ashe uwar masu kara da Sinanci take zuba tata ƙaunar tun asuba!" Ni dai ji na yi kamar in shige kular waina in ja murfi. Ko gefen da Hajiya take ban iya kallo ba.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Bayan la'asar, da ɗaki ya rage, ta yafito ni. Na je na durƙusa ina jiran faɗa. Sai ta ciro ƙaramar wayarta daga jaka, ta miƙo min tana kallon bango.

"Lambar nan. Ba a sa suna a ciki, ko?"

"Ba a sawa, Hajiya."

"To, danna wa wancan."

Wancan nata shi ne mijina, ɗanta na fari, mai furfura har a gemu.

Da muka koma gida Abakpa, Baban Ummi (shi da ba ya buɗe gurup) ya nuna min wayarsa cikin damuwa. "Kin ga Hajiya ta turo min wasu lambobi. Ko katin waya take so?" Na ce ya tambayi ɗansa.

Har yau "Hajiya 520" Rabi take kira na, kuma ba wanda ya ƙara yin misali da ni. Turawa kam ban daina ba. Sai dai yanzu sai na fito da wayar daga cikin mayafi, na sa tabarau, na tabbatar "Wancan" aka rubuta a sama, sannan in danna.